Harshen Talla da Hulɗa da Jama'a a Zamanin Wayar Hannu: Misali daga Sabon Garin Zariya

1.0 Gabatarwa

Ciniki sana'a ce ta baki. Kafin kuɗi su fita daga aljihun mai saye sai magana ta shiga tsakaninsa da mai kaya: a yi shela, a yaba haja, a taya, a yi albarka, a ƙara, sa'an nan a sallama. Saboda haka duk abin da ya sauya hanyar da magana ke bi daga baki zuwa kunne, lalle ne ya taɓa ciniki, ya kuma taɓa harshen da ake cinikin da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda sababbin kafofin intanet, musamman shafin rubutu na mutum ɗaya da kuma shirin murya da ake saurara ta waya, suke sauya yadda ɗan kasuwa Bahaushe ke magana da abokan cinikinsa. An ɗauki yankin Muciya da Sabon Gari da Samaru a matsayin misali, domin kuwa a wannan ɗan tsukin ƙasa ne jirgin ƙasa da kamfanonin Turawa da ilmin jami'a suka haɗu da kasuwancin gargajiya, kuma a Tudun Wada da ke maƙwabtaka da shi ne aka reni aikin jarida da Hausa. Za mu fara da ma'anar kalmomi, mu waiwayi yadda abin yake a da, sa'an nan mu dubi sauyin da kuma abin da ya haifar ga harshe da amana.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Talla ita ce kai labarin haja ga wanda ake fatan ya saya. Hulɗa da jama'a kuwa ta fi talla faɗi, domin ita aikinta tsare sunan mai kaya ne a idon mutane, ko ana ciniki ko ba a yi. Mai talla yana neman cinikin yau. Mai hulɗa da jama'a yana neman a ce da wane mutumin kirki ne, don a dawo gobe.

Abin da ake kira bulog shafi ne a intanet wanda mutum ɗaya ke rubutu a kai a kai, sabon rubutu a sama, tsoho a ƙasa, ba tare da edita ya duba masa ba. Kalmar ta bayyana a Amurka tsakanin 1997 da 1999. Waɗansu marubutanmu sun aro masa sunan mudawwana daga Larabci. Fodkas kuwa, wanda sunansa ya fito a 2004, shiri ne na murya da ake ajiyewa a intanet kashi-kashi, mai so ya sauko da shi ya saurara sa'ad da ya ga dama. A ƙasar Hausa ba a cika samun waɗannan biyu da siffarsu ta asali ba. Aikin bulog yawanci shafin Facebook ne ke yinsa, aikin fodkas kuwa saƙon murya na WhatsApp da tashoshin YouTube ne suka ɗauki mafi yawansa, ko da yake akwai fodkas na sosai, irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba na jaridar Aminiya. A wannan maƙala aikin muke dubawa, ko da wane suna aka kira shi.

3.0 Talla Kafin Zuwan Na'ura

Hanyoyi uku ne fitattu da Bahaushe ya gada na isar da maganar ciniki.

Ta farko ita ce tallar yara. Matar aure tana cikin gida tana yin ƙosai ko fura ko ƙuli-ƙuli, yarinya ta ɗauka a kai ta bi lungu-lungu tana kira. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a nazarin da ta buga a 1969, Enid Schildkrout kuma ta nuna, a binciken da ta yi a Kano cikin shekarun 1970, cewa yaran nan su ne ƙafa da bakin iyayensu mata a kasuwa. Kiran talla gajere ne, mai karin murya, kuma kowace haja da nata, har mutum na cikin ɗaki yakan san abin da ke wucewa tun bai ji kalmomin sosai ba.

Ta biyu ita ce ta maroƙa da sanƙira da masu shela. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana a 1957 cewa roƙo hanya ce ta shelanta darajar mutum a bainar jama'a, kuma bakin da ya yi yabo shi ne ke juyawa ya yi zambo in an hana shi. Wannan shi ne tsohon ofishin hulɗa da jama'a na Bahaushe: attajiri na ba maroƙi riga don sunansa ya yi nisa, yana kuma tsoron kada ya fita hannu wofi.

Ta uku ita ce ta dillali da fatoma. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan cewa cinikin shanu da goro ya tsayu ne bisa maigida, wanda ke saukar da baƙon falke, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Abin lura a nan shi ne, dillali ba labari kaɗai yake kaiwa ba. Yana ɗauke da lamuni. In ciniki ya ɓaci an san ƙofar da za a buga.

Dukkan hanyoyin nan uku na baka ne, kuma a cikin kowaccensu mai magana sananne ne, ana iya tare shi a mayar masa da martani nan take.

4.0 Jirgi da Jarida da Rediyo

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari kuma ya tashi a gefen tasha, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, har yau ma akwai unguwar da ake kira PZ da sunan ɗaya daga cikinsu. Da waɗannan kantuna ne aka fara ganin talla wadda ba ta da baki: allo a bango, da tambari a jikin gwangwani ko turmin atamfa. Mutanen da ba su karanta boko suka riƙa kiran kaya da hoton da ke jikinsu, a ce mai zakara ko mai tauraro, wato suka mayar da rubutu magana.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, da Malam Abubakar Imam a matsayin editan Hausa, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945. Jarida ta ba talla rubutacciyar Hausa. Majigi, wanda ake zagawa da shi a mota gari-gari, ya ba ta hoto. Amma rediyo ne ya kai ta ko'ina. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyo da talbijin na Kaduna kuwa ya buɗe a 1962, kuma shi yana karɓar tallace-tallace. A Samaru, inda aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa ta a 1962, malaman gona sun daɗe suna amfani da rediyo da ƙananan takardu na Hausa don kai wa manoma labarin sabon iri da taki.

A wannan zamani ne hulɗa da jama'a ta zama aikin ofis. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Nijeriya a 1963, doka ta tabbatar da ita a 1990, an kuma kafa hukumar kula da masu talla a 1988. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, abin da ya kai ga irin su Freedom Radio ta Kano a 2003.

Siffofi biyu ne suka bambanta wannan mataki da na baya. Na ɗaya, magana ta zama mai tafiya gefe guda: kamfani na faɗi, jama'a na ji, wanda bai gamsu ba sai dai ya rubuta wasiƙa ya jira ko edita zai buga. Na biyu, shiga ta yi tsada. Mai shago a kasuwar Sabon Gari ba ya iya sayen minti ɗaya a rediyon Kaduna, balle mai saƙa hula a cikin gida. Abin da ya rage wa ƙaramin ɗan kasuwa shi ne lasifika a kan mota da kaset, kamar yadda masu maganin gargajiya suka daɗe suna yi a bakin kasuwa da tashar mota.

5.0 Wayar Hannu da Sauyin da Ta Kawo

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a Agustan 2001. Facebook ya fito a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009. A 2013 WhatsApp ya ƙara damar aika saƙon murya, a 2017 ya ƙara dandalin nuna hoto na kwana ɗaya wanda ake kira sitatus, a 2018 kuma ya fito da nau'in da aka yi musamman don 'yan kasuwa. Daga cikin waɗannan, saƙon murya ne ya fi muhimmanci ga Bahaushe, domin ya kawar da sharaɗin iya rubutu.

5.1 Komawar murya

Ɗan kasuwar da bai yi boko ba yana iya danna waya ya yi bayanin kayansa na minti uku, ya aika wa mutum ɗari a lokaci guda, a kan kuɗin da bai kai na hayar babur daga Muciya zuwa Kwangila ba. Mai sayar da iri da maganin feshi yana iya yi wa manoman Giwa ko Soba bayanin bambancin ire-iren masarar da aka fitar a Samaru, waɗanda sunansu ke farawa da SAMMAZ, da lokacin shuka kowanne, su kuma su yi masa tambaya ya amsa. Wannan aikin malamin gona ne a da. Yanzu mai kanti na yin sa, kuma da haka yake sayen yardar manomi kafin damina ta faɗi. Ga darasin farko ke nan na bulog da fodkas: mai koyar da mutane abin da ya sani game da hajarsa ya fi mai yabon hajar kawai samun aminci.

5.2 Matan aure da ɓoyayyen ciniki

Abin da yarinya ke ɗauka a kai a da, yanzu hotonsa ne ke yawo. Matar aure a Samaru tana sa hoton atamfa ko turaren wuta ko cincin a sitatus, ɗalibar jami'a ta gani ta yi oda, ta tura kuɗi ta banki, ɗan acaɓa ko mai keke-napep ya kai. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya. Haka nan masu ɗinkin hannu na birnin Zariya, waɗanda aka sani da aikin babbar riga, suna iya nuna aikinsu ga mai saye a Abuja ko Yamai ko Jidda ba tare da riga ta bar gida ba. Ba a ce tallar yara ta ƙare ba, domin mai ƙosai da mai goro har yanzu suna aikawa. Amma ga irin hajar da ke jure ajiya, an sami hanyar da uwa za ta yi ciniki 'yarta na makaranta.

5.3 Mai saye ya sami baki

Wannan ne sauyi mafi nauyi ga masu hulɗa da jama'a. A zamanin rediyo kamfani ne ke da lasifika. Yanzu kowane mai saye na da tasa a aljihu. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya yi mata zaƙi da yawa. Kamfanin ya kai ƙara, aka kama ta, aka kuma gurfanar da ita a 2024 bisa dokar laifuffukan intanet ta 2015. Jama'a suka yi ca, har aka riƙa kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ko wane ne ke da gaskiya a gaban alƙali, maganar ta zama zancen ƙasa duka saboda yadda aka tunkare ta. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya sa ya ce magana zarar bunu ce. Ɗan kasuwar da aka yi ƙorafi a kansa a fili yana da zaɓi biyu: ko ya ba da haƙuri ya musanya kaya a gaban waɗanda suka ji ƙorafin, ko ya yi faɗa a gabansu. Na farko ya fi araha.

5.4 Sababbin maroƙa

An sami wani rukuni na mutane masu tarin mabiya a intanet, ciki har da 'yan wasan fim na Kano da masu barkwanci, waɗanda ake biya su ambaci haja ko shago. In aka duba da kyau, aikinsu bai yi nisa da wanda Smith ya bayyana ba: suna da jama'a, suna sayar da yabo, kuma ana shakkar zambonsu. Bambancin shi ne, da maroƙi ya buɗe baki kowa ya san roƙo yake yi, ya kuma san an ba shi ko za a ba shi. Mai mabiya kuwa yakan yi maganarsa kamar shawara ce ta ɗan'uwa, mai sauraro bai san an biya ba. Dokar talla ta 2022, wadda ta sake fasalin hukumar 1988 ta koma ARCON, ta shigar da tallar intanet cikin abin da sai an tantance kafin a fitar, amma bin diddigin saƙon murya da ke yawo daga waya zuwa waya aiki ne mai wuya.

6.0 Abin da Ya Sami Harshe

Ta fuskar kalmomi, an sami sababbin aro: oda, data, alat, sitatus, tiransifa. An kuma faɗaɗa ma'anar tsofaffi. Tura ta ɗauki ma'anar aika kuɗi ko hoto, ɗora ta zama sa abu a shafi, mabiya kuwa, waɗanda a da na malami ne ko na shugaba, yanzu kowa na iya tara su.

Ta fuskar salo, saƙon murya ya riƙe tsarin cinikin baka kusan duka. Ana buɗewa da sallama da gaisuwa, a kira mai sauraro Alhaji ko Hajiya ko ɗan'uwa, a yi wa haja kirari, a yi rantsuwa kan ingancinta, a rufe da addu'a. Har ma al'adar tayi ba ta mutu ba. Sau da yawa mai kaya ba ya rubuta farashi a ƙarƙashin hoto, sai ya ce mai so ya yi masa magana a keɓe. Baƙo zai ɗauka ɓoye-ɓoye ne. Alhali kuwa Bahaushe bai saba yanke farashi a bainar jama'a ba. Farashi abu ne da ake cimma tsakanin mutum biyu, gwargwadon sanayya da yawan abin da za a ɗauka, kuma akwai ragi da gyara a ƙarshe.

Ta fuskar rubutu ne ake da abin damuwa. A zamanin Kamfanin Gaskiya da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, duk abin da za a buga sai ya bi ta hannun wanda ya san ƙa'ida. Yanzu kowa editan kansa ne. Ana barin haruffa masu ƙugiya, har kaya da ƙaya su zama ɗaya, baki da baƙi su rikice. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a rubuta gashi inda ake nufin ga shi. Ana kuma cusa Ingilishi inda Hausa ba ta gaza ba. Gaskiya ne mai karatu yakan gane manufa daga muhallin magana. Amma yaron da ke karanta irin wannan rubutu sau ɗari a rana, ya ga na ƙa'ida sau ɗaya a aji, ba wuya a san wanda zai zauna masa. Madannan waya masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ suna nan kyauta. Abin da ya rage shi ne a koya wa mutane sa su da amfani da su.

7.0 Matsalar Lamuni

Mun ga cewa dillali da fatoma suna ɗauke da labari da lamuni gaba ɗaya. Wayar hannu ta ɗauke musu na farko, ta bar na biyu ba mai ɗauka. Daga nan ne matsalolin da kowa ya sani suka taso: a tura kuɗi kaya ba su zo ba, ko su zo ba irin na hoto ba, ko mai saye ya nuna alat na bogi ya tafi da kaya. A babban mataki kuwa, tsarin zuba kuɗi na MMM, wanda ya daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, ya yaɗu ne ta hanyar shaidar da mutane ke bayarwa a intanet cewa sun samu.

Akwai kuma hatsarin gina shago a filin wani. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik na kusan sa'a shida a duniya duka. Wanda duk abokan cinikinsa ke cikin shafi ɗaya, ba shi da lambobinsu a littafi, ranar da aka rufe shafin ya koma kamar baƙo a garinsu.

Abin sha'awa shi ne yadda 'yan kasuwa ke ƙoƙarin toshe wannan giɓi da kayan gargajiya. Mai kaya yakan ɗauki hoton kansa a ƙofar shagonsa, ya faɗi layi da lambar rumfa a kasuwar Sabon Gari, don a san yana da wurin da za a same shi. Yakan nuna saƙonnin godiya na waɗanda suka saya. Mai saye na nesa kuma yakan aiki ɗan'uwa ko direban da ya sani ya je ya gani da ido kafin a biya. Wato dillali ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, domin buƙatar wanda zai tsaya wa ciniki ba ta gushe ba.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, maganar ciniki a ƙasar Hausa ta bi matakai uku: na baka, inda mai magana sananne ne kuma ana mayar masa, na jarida da rediyo, inda murya ta yi nisa amma ta zama ta masu hali, da na wayar hannu, inda nisan ya ƙaru, tsadar ta faɗi, martani kuma ya dawo. Abin da bai dawo da kansa ba shi ne lamuni, da kuma editan da ke tsare ƙa'idar rubutu.

Akwai aiki a gaban masu nazarin Hausa ta fuska biyu. Na farko shi ne tattarawa. Saƙon murya da sitatus ba su daɗewa, alhali kuwa su ne kiran talla na wannan zamani. In ba a adana samfurinsu da izinin masu su ba, mai nazari na gaba zai sami tallar 1950 a shafin jarida ya rasa ta 2020. Na biyu shi ne koyarwa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su sa rubutun talla da harshen hulɗa da jama'a cikin darussansu, su kuma haɗa kai da sassan aikin jarida da ƙungiyoyin 'yan kasuwa wajen daidaita kalmomi. Ɗaliban da ke zama a ajinmu da safe, da yawansu su ne ke rubuta wa shagunan Samaru da Sabon Gari talla da yamma, kuma Hausar da suka rubuta ita ce dubban mutane za su karanta.